Wane Dare Muke Shiga?

Laraba, bayan Isha'i, Batsari

Na gaji. Tun safe nake fama da shafin intanet da na haɗa wa ƙungiyarmu ta manoman wake, inda direbobi ke duba ranar lodi. Kwamfutar da ke riƙe da shafin tana can Turai, agogonta na bayan namu da awa guda, shi ya sa kwanan wata ba ya juyawa sai ƙarfe ɗayan dare. Na yi ta zarya shagon caji kafin na daidaita shi. Har na fara jin kaina wani ne.

Dab da magariba sai ga Kawu Sale daga Wagini, jakuna niƙi-niƙi da buhunan wake. Ya ce, "Kai ɗan nan, ina motar?"

Na ce, "Kawu, ai sai gobe. Daren Alhamis kuka ce, haka na saka."

Ya dube ni. "To yanzu wane dare muke shiga?"

Rana na faɗuwa ran Laraba daren Alhamis ya shigo, tun ina yaro na san haka. Amma da na zauna gaban na'ura sai na bi lissafinta, direba kuma ya bi nawa.

Yadda daji ya lalace, ba mai bin hanyar Wagini bayan magariba. Can babu sabis ɗin waya, iyalinsa ba su san inda zai kwana ba. Yana zaure yanzu, ina jin tarinsa.

Na gyara wa Turawa awa guda, na ɓatar wa Kawu yini guda.