Gidan da Na Saya wa Auta

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Yaya mai ɗakinka da yara? Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Matakalar bene ce kawai ba ma shiri da ita, shi ya sa na sauko da gadona falo.

Na ji za ka sayar da shagonka ka saya wa ɗanka gida kusa da jami'a. Don Allah ka kama masa haya. Ni saya na yi wa 'yata Auta: na sayar maka da rabona na gidan Baba, na biyo ta nan. Ka ce, "Yaya, karatu shekara huɗu ne, gida kuwa ba ya bin mutum." Na yi maka dariya. Ta gama, aiki ya kai ta wani gari, aka bar ni da gadi. Ɗalibai biyu ne ke haya a sama. Suna gaishe ni, amma ba mai zama.

In ba kowa a ɗakina na da a gidan Baba, ka sanar da ni. Kayana ba su da yawa.

Allah ya raya zuri'a.

Yayanka