Injin da Ya Ce In Sayar da Gidana

Congo-Russia, Jos
Afrilu, 2009

Zuwa ga autana Jabir,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da karatu da baƙunci a Maleshiya. Yayarka Rahma da yaranta suna gaishe ka. Ƙafata ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Bayan haka, raina a ɓace yake. Jiya wani dillali ya shigo mini har tsakar gida yana auna bango da igiya, wai kai ka turo shi, za a sayar da gidan in koma Kano. Jabir, ni ka turo wa dillali? Da muciya na raka shi ƙofa.

Rahma ta yi mini bayanin injin da ka ƙera a makaranta, wanda ke bin shafukan intanet duk inda aka ambaci Jos, ya karance, ya matse maka a layi uku kowace safiya. Ta ce abin da aka fi maimaitawa shi yake tsincewa. To, me mutanen waje suke maimaitawa a kanmu in ba wuta da gawa ba? Shi ya sa kullum sai ka bugo waya a tsorace, ni kuwa ina nan ina feraye dankali.

Ban ce ba a yi tashin hankali bara ba. Na ga abin da na gani, har yau ina firgita. Amma injin naka ya gaya maka maƙwabcinmu Anayo ne ya hau rufinmu ya mayar da kwanon da ya ƙone? Ya gaya maka matarsa Ogochukwu ta haihu, kuma ni na yi mata wankan jego? Wa zai rubuta wannan a intanet?

Da gumin haƙar kuza kakanka ya gina gidan nan. A ɗakin nan na haife ka, daga zauren nan aka ɗauki gawar mahaifinka. Na san tsoro ne ya sa ka, kuma wallahi ina kewarka, amma ka ishe ni haka.

Na san wasiƙar ta yi maka tsawo. Kada ka wahalar da injin, ga taƙaitawar na yi masa da kaina: ba inda za ni.

Allah ya yi maka albarka, ya maido mini da kai lafiya. Ɗakinka na nan a share.

Mahaifiyarka,
Mariya