Hamma Sale, Shekarar Adamu Ba Ta Ƙirgu Ba

Zuwa ga wana, Hamma Sale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangijinka. Ba zan tambaye ka gajiya ba, don a cikinmu duka kai kaɗai ne ka huta. Mutanen gida suna lafiya. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya bana kamar bai san ka tafi ba, yaran unguwa kuma sun gama da shi tun yana ɗanye.

Na san mutanen unguwarmu Sintali za su riga ka karanta wannan takarda a wayoyinsu. Ba komai. Kai ma da kana nan ba ka iya sirri ba. In ka yi raɗa a zaure, ana jin ka har unguwar Barade.

Maganar ɗanka Adamu ce ta sa na ɗauki alƙalami, da alƙawarin da kuka ƙulla kuka sa ni shaida. Lokacin hukunci ya yi, kuma ba na so in yanke shi a bayan idonka.

Ka tuna yadda aka yi. Kana kwance cikin ciwon da ya zama ajali, ka kira mu mu biyu. Ka ce Adamu ya kai shekarun da kai ka riƙe gida, ga gonar shinkafa ta hanyar Lau za ta zama marainiya. Ka ba shi shekara guda ya sake gwada gasar nan tasa. In ya kai matakin da ake kiran mutum ya je da ƙafarsa, ka sa masa albarka, ya bi abinsa. In bai kai ba, ya ajiye ƙarfe ya ɗauki fartanya. Ya ce ya yarda. Ka juyo gare ni ka ce, "Umaru, kai ne shaida, tunda ba ka da aikin yi sai karatu."

Ba ka taɓa tsayawa an yi maka bayanin gasar ba. Yanzu da ba ka da halin tashi ka bar ni da magana a baki, bari in yi maka.

Gasa ce ta duniya, ana neman wanda jikinsa ya fi iya kowane irin aiki. Ba ɗaga ƙarfe kaɗai ba ne kamar yadda ka ɗauka. Akwai gudu, akwai ninƙaya, akwai hawan igiya, har da tafiya da hannu ƙafafu a sama, abin da Inna ta taɓa zane mu a kansa muna yara. Kuma ba a gaya wa mutum abin da zai yi sai lokaci ya ƙarato, wai don a ga ko a shirye yake da abin da bai zata ba. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Hanyar shiga kuwa rariya ce a kan rariya. Ta farko ƙofarta a buɗe take ga kowa, da gwani da ɗan koyo da mai tumbi irina. Ana sanar da aikin mako a intanet, kowa ya yi a inda yake, a gaban alƙali mai ƙirga masa, a ɗauki bidiyo a tura. Waɗanda suka fi ƙoƙari su faɗa rariya ta biyu mai ƙananan ramuka, ita ma daga gida ake yin ta. Daga nan ne ake tsince 'yan kaɗan daga kowane yanki na duniya, a ce su zo fili a gan su ido da ido. Wannan shi ne matakin da kuka yi sharaɗi a kansa. A cikinsu kuma ake ɗebo 'yan tsirarun da za su je babbar gasar, inda dubban mutane ke zama a inuwa suna kallon wasu suna gumi.

Ka sha cewa, "Mutum ya ɗaga ƙarfe ya mayar da shi inda ya ɗauko, to me ya yi?" Na daɗe ina neman amsarka a littattafai. Na karanta cewa mutanen dā a wata ƙasa ta bakin teku sun yi tsere tsirara saboda kambin ganye. Mu nan kokawa muka gada, kuma kai kanka ka karya haƙarƙari a Kona don kawai a ce ka kayar da wani ƙato. Ban ga ka shigo gida da buhu a ranar ba. Ban taɓa tuna maka ba ne don ni ƙani ne, hannunka kuma yana da nauyi.

Ni na zama alƙalin ƙirga. E, ni ɗin nan da hawan benen sakatariya ke sa ni neman kujera. Na zauna jarrabawarsu a intanet da tabarau a kan hanci, na kuwa ci. Dokokinsu ba sa wasa. In an ce a tsuguna da ƙarfe, dole ƙugu ya sauka ƙasa da gwiwa. In bai sauka ba, alƙali ya ce bai ƙirgu ba, a sake. Ba a yanke bidiyo, ba a tsayar da agogo, kuma dole a ga mutum daga kai har ƙafa tun farko har ƙarshe.

A nan na fara ganin hannunka. Samari da yawa tsugunon nan ne ke ba su kunya, sun tashi a kan kujera, gwiwa ta manta aikinta. Adamu kuwa yana sauka ne kamar ruwa ya sami gangare. Na tuna lokacin da yake ƙarami, in ya gai da babba ya ɗan rusuna rabi da rabi, sai ka danna masa kai kana cewa, "Gaisuwar da gwiwa ba ta ji ba, iska ce." Shekara da shekaru kana horar da shi domin gasar da ka raina, ba ka sani ba.

Ya wuce rariyar farko ba wahala. A ta biyu aka ba su ayyuka da dama cikin 'yan kwanaki, ya yi su da kyau, har sunansa ya zauna a saman layin da ake yankewa, dab da shi amma a sama. Saura aiki ɗaya. Ranar da ya so ya yi, ruwan farko ya sauko da iska, ya mayar da tsakar gida laka da ganye. Dole aka bari sai washegari, ranar da za a rufe karɓa da yamma.

Muka share ƙarƙashin mangwaro. Abokinsa Yohanna, ƙaton Mumuyen nan mai gidan motsa jiki a Barade, ya kawo ƙarafa a keke mai ƙafa uku. Muka kifa turmi muka jingina waya a kai, agogo a inda za a gan shi. Yohanna ya tsaya a ƙofar gida don ya tare awaki da yara. Mun yi tunanin rana, mun yi tunanin caji, mun yi tunanin hadari. Mun ga kamar ba abin da ya rage.

Aikin shi ne ya tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, ya miƙe ya tura shi sama, ya yi ta yi, sannan ya kama sandar da aka gicciye ya riƙa jan jikinsa sama, ya sake komowa kan ƙarfen. Ya wuce rabi, numfashinsa kamar zugazugin maƙeri, kuma yana gaban lokacin da yake bukata. Ina ƙirgawa da ƙarfi, zuciyata na ƙirga nata. Sai na ji sallama.

Baba Njidda ne. Abokin Malam mahaifinmu, wanda ya koya maka tatsar nono. Ya daɗe a ƙetaren iyaka wajen 'ya'yansa da shanu, labarin rasuwarka bai same shi ba sai da ya dawo. Bai huta ba ya shigo mota ya taho ta'aziyya, da sandarsa da malafarsa. Da na tuhumi Yohanna daga baya, da Hausarsa mai mayar da namiji mace cewa ya yi, "Bappa, tsoho ce fa, ta ce ta zo gaisuwar mutuwa. Ni in tare shi? Akuya aka ce mini."

Idon Baba ya yi rauni. Ya ƙura wa Adamu ido, ga shi cikin gajeren wando da ƙarfe mai faifai biyu a saman kai, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Motar ce ta lalace?" Sannan ya jingine sanda a jikin mangwaro, ya ambaci sunanka, ya ɗaga hannuwa.

Hamma, na ga idon ɗanka. Ya kalli agogo, ya kalli tsohon. Sai ya sauke ƙarfen. Bai ma yar da shi ya yi ƙara ba kamar yadda suka saba. A hankali ya ajiye, don ba a jefar da abu a gaban babba. Ya tsuguna, ya buɗe tafukansa da suka riga suka saɓule.

Ka san addu'ar Baba Njidda. Ya fara da kai, ya wuce ga Malam da Inna, ya gangara ga kakannin da ni kaina ban san sunansu ba. Ya bi ta kan shanu, ya roƙi damina mai albarka, ya roƙi zaman lafiyar Taraba, ya nema wa masu mulki shiriya, wanda ka san ba ƙaramin aiki ba ne. Da ya gama da Fillanci ya maimaita da Hausa, don kada Yohanna ya rasa rabonsa. Agogo kuwa yana tafiyarsa. Za ka tambaya ina alƙali yake. Alƙali yana tsugune shi ma, yana amin, gwiwoyinsa suna kuka.

Da aka shafa, Adamu ya ce, "Baba, a ɗan yi mini haƙuri," ya koma ya ƙarasa. Doka ta yarda a sake aiki in lokaci bai ƙure ba. Amma tafuka sun fashe, ƙafafu suna rawa, ga baƙo zaune a tabarma yana jiran ɗan mamaci ya zo ya ba shi labarin yadda ciwon ya fara. Ba a barin mai ta'aziyya shi kaɗai da shayi. Muka tura abin da muke da shi.

Ina yawan tunanin wanda ya duba bidiyon nan a can. Wani ne ko wata, a ɗaki mai sanyi, ya wuni yana kallon ƙatti suna nishi, sai ga tsoho da malafa ya shigo ya tsayar da komai, mutum uku a ƙasa suna shafa fuska. Ban san me ya fahimta ba. Amsarsu gajera ce: an karɓa, ba a soke masa ko ɗagawa ɗaya ba, lokaci kuma yana nan yadda agogo ya nuna. Gaskiyarsu. Sunan Adamu ya faɗo ƙasan layi. Tazarar da ke tsakaninsa da na ƙarshen waɗanda aka kira ba ta kai tsawon addu'ar shanun ba.

Sun ce suna gwada shirin mutum ga abin da bai zata ba. Sun tanadi igiya, sun tanadi ruwa da yashi, amma babu wanda ya tanadi Baba Njidda. Ban ga laifinsu ba. Agogon da zai tsaya wa kowane tsoho ba agogo ba ne. Yohanna yana ganin da Adamu ya ci gaba, Baba ba zai mutu don ya jira kaɗan ba, kuma Allah ma ya san uzuri. Mai yiwuwa ne. Abin da na sani shi ne jiki yana yin abin da aka koya masa kafin kai ya gama shawara. Su ma abin da suke nema ke nan, a maimaita abu har jiki ya daina tambaya. Ƙarfe ya koya wa Adamu nasa, amma kai ka riga ƙarfe zuwa.

Bai yi ƙorafi ba. Ya mayar wa Yohanna da ƙarafansa, ya zo ya tambaye ni makullin ɗakin iri da taki. Ya ce, "Bappa, alƙawari ne." Fuskarsa irin taka ce ranar da muka binne Inna, babu hawaye, amma ba ya kallon kowa.

To ga hukuncin shaida. A dokar gasar, in wani daga waje ya taɓa ƙarfen mai gasa, wannan ɗagawar ba ta ƙirgu ba. Na kalli bidiyon nan na sake kallo, Hamma, kuma na ga hannunka a kan ƙarfen ƙarara. Saboda kai tsohon ya zo, kuma kai ka sauke ƙarfen. Mutum ba ya gindaya sharaɗi sannan ya shigo fili ya riƙe ƙafar mai gudu. Wannan shekara ba ta ƙirgu ba. A sake.

Na san za ka ce gona fa. Ni zan riƙe ta bana. Daina dariya. Na karanta abubuwa da yawa a kan shinkafa, na kuma sayi takalmin roba mai kai wa gwiwa, wanda har yanzu ban koyi cire shi ni kaɗai ba. Adamu zai zo ranar dashe da ranar girbi, buhu ma ai abin ɗagawa ne. In ta lalace ka san wanda za ka kama, kuma ba sai ka aiko ba, ina tafe da ƙafata in lokaci ya yi.

Na kira shi na gaya masa hukuncin. Sai ya sauka ya tsuguna a gabana, kansa a ƙasa. Na so in faɗi wata magana ta hikima irin ta masu karatu. Sai na duba saboda sabo, na ga ƙugu yana ƙasa da gwiwa. Na ce masa wannan gaisuwar ta ƙirgu, ya tashi.

Ina kewarka, Hamma. Ga shi na zuba duk wannan surutu ba ka ce "Umaru, taƙaita" ko sau ɗaya ba, kuma wannan shirun ne ya fi yi mini ciwo.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sada ka da Malam da Inna cikin aminci. Ya yafe mini in na karkata a hukunci. Ya ba Adamu abin da yake nema in alheri ne gare shi. Ya ƙara wa Baba Njidda lafiya da nisan kwana, ya kuma sa ziyararsa ta gaba ta faɗo ranar hutu. Amin.

Ƙaninka, shaida kuma sabon manomi,
Umaru
Sintali, Jalingo