Makarantar da Kowa Yake Ci

Yaya Viorica,

Ina gaishe ki daga Padova. Yaya ƙafar Mama? Smaranda tana cin abinci kuwa? Ni lafiyata ƙalau. Bayana ne kawai yake ɗan damuna in na ɗaga tsohon da nake jinya, amma kada Mama ta ji.

Na ga hotunan sakandaren gwamnatin da kika turo, wadda kike so ki sa Smaranda. Kin ce shugabar ta ce miki, "Kwantar da hankalinki, bara duk wanda ya zauna jarrabawar fita ya ci." To, Yaya, maganar nan ce ba ta kwanta mini ba. Kwamfutocin nan ma ko ledarsu ba a cire ba.

Kafin ki sa sunan 'yata Smaranda, ki koma ranar da ba su gayyaci iyaye ba. Ki taɓa bututun ɗumama aji ki ji ko da zafi. Ki leƙa banɗakin 'yan mata. Sannan ki tambayi yaran, ba malamai ba: su wa aka hana zama jarrabawar?

Za ki ce na cika zargi. Kin manta makarantarmu a Vaslui? Shekarar da aka yi ta murna kowa ya ci, malamar lissafi ta zo har gida, ta sha gahawar Mama, ta ce gara in bar jarrabawar sai baɗi. Ga ni nan ina wa uban wasu wanka, har yau ina jiran baɗin.

Allah ya saka miki. Ki rungume mini Smaranda.

Ƙanwarki,
Ilinca