Idon da Za a Buɗe a Bakin Teku

'Yata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya yara, yaya ƙafar babanku? Na ji kawunku ya miƙe, amma gwaggonku na kwance har yanzu. Allah ya ba ta lafiya. Mu nan ƙalau muke, jaririn ƙanenki ya fara zama.

Ƙanenki ya ɗauki hutun mako guda, wai zai kai mu yawon buɗe ido wani birni a bakin teku. Da ya ce "buɗe ido" sai na zaci ya gane. Ashe bai gane ba. Kullum in ya dawo aiki sai ya miƙo min waya: "Mama, dubi jiragen ruwa! Ga ɗakinki, tagar na kallon teku." In ce, "Kai, ya yi kyau!" Alhali shuɗi kawai nake gani, dishi-dishi.

Kada ki tada hankalinki, idon ba ya min ciwo. Jiya dai na zuba wa matarsa gishiri a shayi, muka yi dariya. Sai da furfura na koyi rubutu, ga shi ido na neman ƙwace min.

Na gaji da cewa "ya yi kyau". In na faɗa masa, zai fasa tafiyar da ya daɗe yana buri. In na yi shiru, ni za a bar wa jaririn a bakin ruwa.

Ki ba ni shawara kafin Juma'a, ranar zai sayi tikiti. Ki rubuta manya-manya.

Mamanku