Goggon Aji Ɗaya

Mubi, Litinin

Zuwa ga Baba Malam Tizhe,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya Michika, yaya Mama, yaya gwiwar taka? Tunda ka ce waya ba ta shiga kunnenka yanzu, ga takarda na ba direban tasha.

Baba, raina a ɓace yake. An kawo mana wata yarinya, Hamsatu, 'yar shekara goma sha biyu. Ubanta Hammanjoda makiyayi ne, sun tsallako daga Kamaru ta wajen Sorau. Fillanci da Faransanci take ji, Hausa kuwa ko zo in kashe ki ba ta sani ba. Hedimastanmu Malam Mansir ya gwada ta a allo da lissafin rabawa. Ta ja layi a tsaye, ta ja wani a kwance, ta sa lambobi inda ba nan muke sa su ba. Bai ko jira ta gama ba ya goge, ya ce tonon kaza ne, a kai ta aji ɗaya. Abin haushin, mutumin nan Fillanci a bakinsa kamar ruwa, amma wai makaranta ba kasuwa ba ce, ban da yare.

Yanzu tana can cikin 'yan ƙanana, gwiwoyinta ba sa shiga ƙarƙashin benci. Yara suna ce mata Goggon Aji Ɗaya. Uban ya ce in hutu ya same ta a nan, ruga za ta koma. Ni kuwa a ajina na biyar nake son ta, kuma ba zan haƙura ba. Kai ka koya mini karatu, kai ka horar da rabin malaman yankin nan. Ka zo ka yi mana bita.

'Yarka,
Gumsu

Michika, Alhamis

'Yata Gumsu,

Alheri da salama su kasance tare da ke. Mama tana gaishe ki, ta ce ko kin manta hanyar gidanta ne. Gwiwa ta ƙi, ko coci a babur ake kai ni, saboda haka bitar nan ke za ki yi ta.

Yarinyar ba tonon kaza ta yi ba. Haka ake rabawa a makarantun Kamaru, na gani a wurin yaranmu da suka dawo daga gudun hijira. Hanya ce daban, amma amsa ɗaya ce. Ni ma da na sauko daga dutse ban san komai ba sai yarenmu na Kamwe, a ajin 'yan ƙanana aka ajiye ni kamar wanda ba ya ji ba ya gani, na san ɗacinsa.

Amma ki ji ni da kyau, don na san halinki tun kina zanen gida a jikin bangona. Ki sami Mansir shi kaɗai ki nuna masa, ki bar shi ya faɗa wa malamai da bakinsa. Kada ki tsinka shi a gaban mutane.

Babanki,
Tizhe

Mubi, Laraba

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma sunkuyar da kai. Na yi abin da ka hana.

Na je ofishinsa sau biyu yana cewa in dawo. Ranar Juma'a ana taron malamai zuciya ta ɗebe ni, na jawo hannun Hamsatu har gaban allo, na ba ta lissafi, na ce kowa ya yi nasa. Ta ja layinta ta gama, amsa ta fito daidai da tasu. Malam Zacharia na aji huɗu har da tafi. Na juya na ce wa hedimasta, "To ga tonon kazar."

Baba, hedimasta ya miƙe tsaye. Ya ce lissafi ba shi ne karatu ba, kuma muddin shi ne a kujerar nan, yarinya tana aji ɗaya. Ita kuwa ba ta san me ake faɗa ba, ta ga dai manya suna ɗaga murya a kanta, ta ɗauka laifi ta yi. Tun ranar ba ta dawo ba. Jiya na hange ta a kasuwa da ƙwaryar nono, tana ganina ta ɓuya bayan rumfa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

'Yarka mai taurin kai,
Gumsu

Michika, Asabar

Gumsu,

Na gaishe ki, ko da yake kunnenki ya kamata in ja. Kin ci gardama, kin rasa yarinya. Wanne kika fita nema?

Tunda a gaban mutane kika zubar masa da girma, a gabansu za ki mayar masa. Bayan nan ki roƙe shi abin da shi kaɗai zai iya: ke ba ki jin Fillanci, shi yana ji. Wa zai yi wa Hammanjoda magana in ba shi ba? Ki tashi tun hutu bai zo ba.

Allah ya ba ki sanyin zuciya,
Babanki

Mubi, Lahadi

Baba Malam,

Gaisuwa da godiya. Na ba Malam Mansir haƙuri a gaban malamai. Na ce masa yarinya za ta salwanta kuma ni ba ni da bakin da zan dawo da ita. Sai ya tambaye ni ina rugar take.

A babur ɗinsa ya tafi, ni da Malam Zacharia muna biye a keke mai ƙafa uku. Ya cire takalmi ya zauna a tabarmar Hammanjoda, suka yi ta Fillanci har la'asar. Ban ji ko kalma ba, sai dai na ga Malam Mansir ya nemi tsinke ya ja layi a tsaye a ƙasa, ya miƙa wa Hamsatu.

Tana ajina tun Litinin, na haɗa ta benci da Afrah, 'yar mai shagon atamfa, wadda ta tsinci Fillanci a kasuwa. Bita kuma ta kafu duk Juma'a, kowane malami yana koya mana gaisuwa da yarensa. Kamwen da nake yi sai ka toshe ɗaya kunnen.

Shekaranjiya Hammanjoda ya shigo da sandarsa, na ce a raina shi ke nan ya fasa. Ashe ƙanwar Hamsatu ya riƙo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Malama, wannan ma akwai wuri?"

Na ce akwai.

'Yarka,
Gumsu