Layi ɗaya a takardar Nasiru

Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙarfin jiki? Ya Malam da yara? Mu nan Bunkure alhamdulillahi.

Kwalejin jinya ta ƙi ɗaukar Nasiruna. A takardar shaidar halinsa ta makarantar kwana an rubuta ya taɓa tsallake katanga.

Yaya, ni na kira shi ya zo gida ya taya ni aiki. Ranar aka sako mana ruwan noman rani, dashen tumatir ya fi ƙarfina. Da shugaban makaranta ya tambaye ni, kunya ta sa na ce ban sani ba.

Bai taɓa tona ni ba. Kullum da safe yana durƙusawa ya gaishe ni, na kasa haɗa ido da shi.

A gaida kowa. Ki sa shi a addu'a. Ni kuwa, ki roƙa mini gafara.

Ƙaninki,
Sule